Gishirin albarushi: mene ne shi, kuma me ya sa ƙasashe suka yi yaƙi a kansa?

Tambaya: "Na ji an ce akwai wani farin gishiri da ake haɗa albarushi da shi, har wasu ƙasashe sun gwabza yaƙi saboda shi. Wane irin gishiri ne wannan, daga ina ake samo shi, kuma yau yana da sauran amfani?"

Ɗan'uwa, gishirin da kake nufi shi ne wanda masana ilimin sinadarai ke kira fotasiyam naitiret, suna rubuta shi KNO₃, wato ƙwayar fotasiyam ɗaya, ta naitirojin ɗaya, ta oksijin uku. Zan riƙa ce masa gishirin albarushi. Fari ne, ba ya wari, a harshe yana da gishiri-gishiri da ɗan sanyi. Ba danginsu ɗaya da kanwa ba, ko da yake dukansu biyu kan tsatso a kan busasshiyar ƙasa. Kanwa sodiyam kabonet ce, babu naitirojin a cikinta, kuma ba ta taimakon wuta da komai.

Mutane da yawa suna zaton gishirin ne ke fashewa. Ba ya fashewa, ba ya ma cin wuta. In aka ɗora shi shi kaɗai a kan wuta, narkewa yake yi a digiri 334 na ma'aunin Salshiyos ya zama ruwa garau. Sai zafi ya kai wajen digiri 400 sannan ya fara sakin oksijin ɗin da ke jikinsa. To, a nan darajarsa take. Wuta ba ta ci sai da oksijin, shi ya sa maƙeri ke zuga, don ya kai wa gawayi iska da sauri fiye da yadda za ta zo da kanta. Shi kuwa wannan gishiri kusan kashi 47 cikin 100 na nauyinsa oksijin ne a daskare. Idan aka niƙa shi da gawayi da farar wuta, kowane ɗan ɓarɓashin gawayi yana da iskarsa a gefensa, ba ya jiran ta waje. Saboda haka albarushi ke iya ci a cikin bututun bindiga ko cikin igwa, inda iska ba ta da hanyar shiga, ya ƙone cikin ƙiftawar ido, zazzafar iskar da ta fito ta ingiza harsashi. Gawayi shi ne makamashi, farar wuta tana sa haɗin ya kama da wuri, gishirin kuwa shi ne wajen kashi uku cikin huɗu na duk haɗin. Fiye da rabin abin da ke fita bayan ƙonewar ba iska ba ce, ƙura ce, ita ce farin hayaƙin nan da ke turnuƙe fagen yaƙi a zamanin da har mayaƙi ba ya ganin abokin gaba.

Gawayi ko'ina akwai shi. Farar wuta ma ana kwasarta a gindin duwatsu masu aman wuta, ana kuma haƙo ta a tsibirin Sisili. Gishirin ne matsala, kuma shi ake buƙata da yawa. Dalilin ƙarancinsa yana ga naitirojin. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma ƙwayoyinsa biyu-biyu suke, a ɗaure da juna da ɗauri uku mai tsananin ƙarfi, ba sa yarda su haɗu da komai. Kafin ƙarni na 20 ɗan Adam ba shi da hanyar kunce wannan ɗauri da yawa. Walƙiya tana yi kaɗan, wasu ƙwayoyin bakteriya, kamar waɗanda ke zaune a saiwar wake da danginsa, suna yin sauran. Duk naitirojin ɗin da ke cikin nama da ganye da fitsari da kashi ta wannan ƙunƙuntar ƙofa ya shigo. Idan waɗannan abubuwa suka ruɓe, naitirojin ɗinsu yana fita a matsayin amoniya, wato warin nan mai hawa kai da ake ji a barga. Daga nan wasu bakteriya na ƙasa su mayar da amoniya naitirayit, wasu kuma su karɓa su mayar da shi naitiret. Ruwan sama yana wanke naitiret nan da nan, tsirrai kuma suna shanye shi. Ba ya taruwa sai a wurin da ke da ruɓaɓɓen abu da ɗan danshi da iska, amma ruwan sama ba ya dukansa: ƙasan barga, ɗakin tantabaru, gindin tsohuwar katanga, kogon jemagu. A irin waɗannan wurare ake ganin sa ya fito fari-fari kamar gari a jikin bango.

Masu haƙarsa sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan sana'a ba su san ƙwayoyin halitta ne ke yi musu aiki ba. Sai a 1877 wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka nuna cewa in aka kashe abin da ke raye a cikin ƙasa, naitiret ya daina samuwa. A 1890 Sergei Winogradsky ya ware bakteriyar da ke aikin. Kafin nan kowa da abin da yake faɗa, wasu na cewa daga iska gishirin ke sauka, wasu na cewa ƙasa ce ke haifarsa. Ni dai ban ga laifinsu ba, don kowanne ya kama wani ɓangare na gaskiya.

Abin da aka kankaro daga bango ba ya yin albarushi mai kyau. Yawancinsa kalsiyam naitiret ne, wanda ke tsotsar danshin iska har ya jiƙe, ga kuma gishirin ci a gauraye. Tace shi ya dogara da abubuwa biyu. Na farko toka: tokar itace tana ɗauke da fotasiyam, in aka haɗa ruwanta da ruwan da aka wanke ƙasar da shi, kalsiyam ya kwanta a ƙasa a matsayin alli, fotasiyam ya maye gurbinsa. Na biyu wata ɗabi'a ce ta gishirin kansa. A ruwa giram 100 mai sanyin ƙanƙara, giram 13 kawai ke narkewa. A digiri 20 wajen giram 32. A tafasasshen ruwa kuwa ya haura giram 240. Gishirin ci bai damu da zafi ba, daga wajen giram 36 zuwa 39 yake tsayawa. Saboda haka in ruwan ya huce, gishirin albarushi ne ke fitowa dogaye-dogaye kamar allurai, ya bar ƙazantar a cikin ruwa. Da ba don wannan bambanci ba, da mutanen ƙarni na 13 ba su iya samun mai tsabta ba, kuma da tarihin bindiga ya yi jinkiri sosai.

Sinawa ne suka fara saninsa da kyau, kuma a matsayin magani suka san shi. Wani malaminsu, Tao Hongjing, wanda ya rasu a shekara ta 536, ya rubuta cewa ana gane na gaskiya ne in aka sa shi a wuta harshenta ya yi launin shunayya. Har gobe da wannan launi ɗalibai ke gane fotasiyam a ɗakin gwaji. A ƙarni na 9, zamanin daular Tang, masu neman maganin tsawon rai suka gauraya shi da farar wuta da wasu abubuwa masu ci, haɗin ya kama da su. Zuwa 1044 littafin soja na daular Song mai suna Wujing Zongyao ya riga ya ƙunshi haɗe-haɗen albarushi na yaƙi. Daga can ilimin ya yi yamma. Ibn al-Baiɗar, masanin tsirrai ɗan Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya ambace shi da sunan ƙanƙarar Sin, abin da ke nuna inda Larabawa suka ɗauka ya fito. A ƙarshen wannan ƙarni Hasan al-Rammah na ƙasar Sham ya bayyana yadda ake tace shi da toka, kuma bayaninsa na cikin mafi daɗewa da aka sani a kan haka. A Turai Roger Bacon ya yi maganar albarushi a 1267.

Da igwa ta zama abin da ke rushe ganuwa, sai kowane sarki a Turai ya gane cewa mulkinsa ya rataya a kan abin da ke ƙasan bargar talakawansa. A Ingila aka naɗa ma'aikata da takardar izinin sarki, suna shiga gidan kowa su tone ƙasan barga da ɗakin tantabaru da ɗakin ajiya, wani lokaci har coci. Su kwashe ƙasa, su tilasta wa mai gida ya ba da keken doki a kai musu kaya a kan kuɗi kaɗan, su bar masa rami. Mai hali yakan ba su toshiya su wuce gidan maƙwabci. An hana mutane shimfiɗa dutse a ƙasan barga don kada gishirin ya daina taruwa. A 1626 Sarki Charles na Ɗaya ya ba da umarni talakawa su riƙa tara fitsarinsu da na dabbobinsu, za a zo a karɓa. A Suwidin manoma har haraji suka riƙa biya da wannan gishiri.

Wasu kuma noma shi suka yi. A Jamus da Faransa da Suwidin akan tara ƙasa da kashin dabbobi da toka da ruɓaɓɓen ganye a yi dogayen kunyoyi a ƙarƙashin rumfa, a riƙa yayyafa musu fitsari, ana juyawa don iska ta shiga, sai bayan shekara ɗaya ko biyu a wanke ƙasar a dafa ruwan. A Japan, ƙauyukan Gokayama da ke cikin duwatsu sun yi wa masarautar Kaga irin wannan aiki a ɓoye, a ramuka ƙarƙashin daɓen gidajensu, da ciyawa da kashin tsutsar siliki. Wahala mai yawa, amfani kaɗan, amma babu wata hanya.

Indiya ce ta sauya lissafin. A kwarin kogin Ganges, musamman Bihar, komai ya haɗu: zafi, yawan jama'a da shanu, ƙasa mai fotasiyam, damina mai ƙarfi, sannan dogon rani da ke jawo gishirin sama ya bushe a fuskar ƙasa. Akwai jama'ar da ake kira Nuniya waɗanda sana'arsu ke nan kaka da kakanni, su kankare ƙasa su tace su dafa. Nasu ya fi na Turai kyau, ya fi araha nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 17 kamfanonin Holan da Ingila suka kafa wuraren saye a Patna, suna loda shi a gindin jiragen ruwa, yana yi musu aikin nauyin da ke daidaita jirgi, a kai Turai a sayar. Bayan yaƙin Plassey na 1757, kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya karɓi ikon sayen gishirin Bihar shi kaɗai a 1758. Ana yawan ba da labarin mamayar Indiya da yadi da kayan yaji da shayi, a manta da wannan. A ganina kuskure ne. Ƙasar da ta riƙe Bihar ta riƙe babbar rijiyar albarushin duniya, kuma kusan shekara ɗari bayan haka duk mai shirin dogon yaƙi sai ya yi tunanin ko Landan za ta sayar masa.

Faransa ta ɗanɗana wannan a yaƙin shekara bakwai da ya ƙare a 1763. Shi ya sa a 1775 gwamnati ta kafa hukumar albarushi ta sa Antoine Lavoisier cikin shugabanninta. Mutumin da ya bayyana wa duniya yadda oksijin ke aiki a cikin wuta, aikinsa na hukuma shi ne gyara sana'ar tace wannan gishiri, kuma ya gyara ta har albarushin Faransa ya wadata, aka aika wa Amurkawa suna yaƙin neman 'yanci da Ingila. Ilimin sinadarai kansa ya ci moriyar gishirin: Carl Scheele na Suwidin, a farkon shekarun 1770, ya samu oksijin ta hanyar gasa shi da wasu sinadarai. An fille wa Lavoisier kai a 1794, a daidai lokacin da gwamnatin juyin juya hali ke umartar mutanen Paris su wanke ƙasan ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasa su kawo gishiri don kare ƙasa. Wani matashi da ya koyi aikin a ƙarƙashin hukumarsa, Irénée du Pont, ya yi ƙaura zuwa Amurka ya kafa masana'antar albarushi a jihar Delaware a 1802, ita ce asalin kamfanin DuPont. A Amurkar ma, lokacin yaƙin 1812 da Ingila, bayi ne aka sa suka haƙo ƙasar kogon Mammoth a Kentucky, kuma a yaƙin basasa 'yan Kudu sun kafa hukuma guda a 1862 don neman gishirin a koguna.

Yanzu ga yaƙin da ka ji labari. A hamadar Atacama, a gaɓar yammacin Kudancin Amurka, akwai wuraren da kan yi shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Saboda haka naitiret da ya taru a can cikin miliyoyin shekaru bai wanke ba, yana nan a daskare ƙarƙashin ƙasa kaɗan, shimfiɗe a ɗaruruwan kilomita. Sai dai wannan ƙanen gishirin albarushi ne, sodiyam naitiret. Yana tsotsar danshi, don haka bai dace da albarushin bindiga kai tsaye ba. Amma taki ne na gaske, ana yin asid da shi, kuma in aka dafa shi da fotasiyam kulorayid, wanda Jamus ta fara haƙowa a Stassfurt a shekarun 1860, sai su yi musaya a samu gishirin albarushi da gishirin ci. An fara fitar da shi zuwa Turai wajen 1830. Yankin Tarapacá na Peru ne a lokacin, Antofagasta na Bolibiya, amma jari da ma'aikata yawanci na Chile ne da Ingila.

A 1878 Bolibiya ta ɗora harajin santabo 10, wato ƙananan kuɗin ƙasar, a kan kowane kwintal (wani ma'aunin nauyi) na naitiret da wani kamfanin Chile ke fitarwa daga Antofagasta. Chile ta ce wannan ya saɓa yarjejeniyar 1874. Kamfanin ya ƙi biya, Bolibiya ta ce za ta yi gwanjon kadarorinsa, sai sojojin Chile suka sauka a Antofagasta ranar 14 ga Fabrairu 1879. Peru tana da yarjejeniyar tsaro ta sirri da Bolibiya tun 1873, ita ma ta faɗa ciki. Chile ta yi nasara, har ta shiga Lima. Peru ta sallama Tarapacá a 1883, Bolibiya kuma ta rasa gaɓar tekunta gaba ɗaya. Har yau ba ta da mashiga teku, kuma a 2018 kotun duniya da ke Hague ta yanke cewa ba dole ba ne Chile ta zauna tattaunawa da ita a kan haka.

Shekaru kusan arba'in bayan yaƙin, harajin naitiret ya riƙa ba gwamnatin Chile wajen rabin kuɗin shigarta. Wani Bature ɗan Ingila, John Thomas North, ya mallaki ma'adinai da layin dogo har ana ce masa sarkin naitiret. Su kuwa leburori, a yawancin sansanoni ba kuɗi ake biyansu ba, wasu kwabbai ne na kamfani da ba sa sayen komai sai a kantin kamfanin. A Disamba 1907 dubbansu suka gangaro garin Iquique suna yajin aiki, suka taru a makarantar Santa María. Ranar 21 ga wata soja suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ɗari da 'yan kai suka mutu, masana tarihi da dama sun ce sun haura 2,000.

Tun ana cikin cin wannan kasuwa masu hangen nesa suka fara tsorata. Albarushi na gargajiya ya fara ja da baya daga 1884, da Paul Vieille na Faransa ya ƙirƙiro irin wanda ba ya hayaƙi, amma wannan bai rage buƙatar naitiret ba, don sababbin abubuwan fashewa duk da asid na naitirik ake yin su, shi kuma daga naitiret ɗin Chile yake fitowa. Ga gonakin Turai su ma sun dogara da shi. A 1898 William Crookes ya yi jawabi a Bristol yana gargaɗin cewa ma'adinin zai ƙare, alkama za ta gaza, sai fa in masana sinadarai sun koyi kamo naitirojin daga iska. Fritz Haber ya yi hakan a ɗakin gwaji a Karlsruhe a 1909: ya haɗa naitirojin da haidirojin a ƙarƙashin matsi da zafi mai tsanani, amoniya ta fito. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da gwajin masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau a 1913. Wilhelm Ostwald kuma ya riga ya nuna yadda ake mayar da amoniya asid na naitirik, wato aikin da bakteriya ke yi a shekara biyu a ƙasan barga, injin ya yi shi nan take. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, jiragen ruwan Ingila suka tare wa Jamus hanyar Chile. Da ba don masana'antar amoniya ba, da harsashin Jamus ya ƙare tun yaƙin bai yi nisa ba. Bayan yaƙi kasuwar Chile ta fara rushewa, karyewar tattalin arzikin duniya na 1929 ta ƙarasa ta. Garuruwan ma'adinai suka zama kufai. Biyu daga ciki, Humberstone da Santa Laura, UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2005.

Amfaninsa a yau, mafi yawa a gona yake. Yana ɗauke da abinci biyu daga cikin uku da shuka ta fi buƙata, naitirojin wajen kashi 13 da fotash, wato fotasiyam na taki, wajen kashi 46 cikin 100, yana narkewa tas a ruwa, kuma babu kulorayid a cikinsa. Shi ya sa ake zaɓarsa ga amfanin da kulorayid ke cutarwa, kamar taba da dankalin Turawa da wasu 'ya'yan itatuwa, da kuma noman da ake tura taki ta cikin bututun ban ruwa. Ya fi takin yuriya tsada, don haka ba kasafai ake zuba shi a gonar hatsi ba. Wani masani ɗan Filifin, Ramon Barba, ya gano a farkon shekarun 1970 cewa in aka fesa ruwansa a ganyen mangwaro, itacen yakan yi fure ba a lokacinsa ba, kuma wannan ya sauya noman mangwaro a ƙasarsa da wasu ƙasashe masu zafi.

Sai adana nama. Tun da daɗewa mahauta a Turai suka lura cewa naman da aka sa wa gishiri mai ɗan wannan a ciki yana zama ja, ba ya yin toka-toka, kuma ya fi daɗewa. Bayanin ya zo daga baya: bakteriya na mayar da naitiret naitirayit, shi ne ke kama sinadarin da ke ba nama launi, kuma shi ne ke hana ƙwayar Clostridium botulinum girma, wadda dafinta na cikin mafi muni da aka sani. Yau masana'antu sun fi sa naitirayit kai tsaye don a iya auna shi daidai, amma ana amfani da gishirin albarushi a naman da ake busarwa wata da watanni da wasu irin cuku, kuma lambarsa a jikin kwali a Turai E252. Akwai gardama a nan, kuma ba ta banza ba ce. Naitirayit na iya haɗuwa da wasu sinadaran nama, musamman a wuta mai zafi, ya ba da naitirosamin, wanda ke jawo ciwon daji. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi. Ni abin da nake gani, hana shi gaba ɗaya ba tare da madadin da ke kashe waccan ƙwaya ba musayar haɗari ce da wani haɗarin. Ƙayyade yawansa da rage cin irin wannan nama shi ya fi ma'ana.

Wataƙila yana hannunka yanzu ba ka sani ba. Gilashin fuskar waya mai ƙarfi, irin su Gorilla Glass, ana tsoma shi ne a narkakken gishirin albarushi mai zafin wajen digiri 400. Ƙwayoyin sodiyam da ke fatar gilashin su fita, na fotasiyam da suka fi su girma su cusa kansu a gurbin, fatar ta matse, tsaga ta kasa buɗewa. Man goge baki na masu haƙoran da ke zafi in sun sha sanyi yakan ƙunshi kashi 5 cikin 100 na gishirin, fotasiyam ɗin ne ke kwantar da jijiyar haƙori. Tashoshin lantarki masu tara zafin rana da madubai suna adana zafin a tankunan narkakken gishiri, kashi 60 sodiyam naitiret, kashi 40 fotasiyam naitiret, wanda a wasu tashoshin ke kai digiri 565, sai dare ya yi a tafasa ruwa da shi a juya injin. Akwai irinsu a Sifaniya da Warzazat ta Maroko, akwai kuma Cerro Dominador da aka buɗe a 2021 a cikin Atacama ɗin kanta. Albarushin gargajiya ma bai mutu ba, shi ke harba wasan wuta sama, shi ne kuma a cikin wasu lagwanin fasa dutse. Wani tsohon amfani da aka daina: yana sanyaya ruwa in yana narkewa, kuma a fadar Sarki Akbar na Indiya a ƙarni na 16 da shi ake sanyaya ruwan sha, a sa tulun a cikin kwanon da aka narka gishirin a juya.

Kada a rikita shi da amoniyam naitiret, wanda tan 2,750 nasa ya tarwatsa tashar jiragen ruwan Beirut ranar 4 ga Agusta 2020. Wancan yana ɗauke da makamashi da oksijin a jiki ɗaya, don haka in ya yi zafi a matse yana iya tashi shi kaɗai. Namu sai an ba shi abin ci. Amma fa gobara in ta same shi tana haukacewa, kuma rufe ta da bargo ko yashi ba ya kashe ta tunda ba iskar waje take shaƙa ba, ruwa mai yawa ake sa mata. Don haka ba a ajiye shi kusa da mai ko gawayi ko garin katako, kuma ƙasashe da yawa suna sa ido a kan cinikinsa.

Akwai kuma wani tsohon zance da ke yawo a barikokin soja da gidajen yari da makarantun kwana na ƙasashe da dama, wai ana zuba shi a abinci don a kashe wa maza sha'awa. Babu wani bincike da ya nuna yana yin haka. Likitocin da sun ba da shi don sa fitsari, sun kuma sa masu asma shaƙar hayaƙin takardar da aka jiƙa da shi, duka an bar su. Wanda ya sha da yawa abin da zai samu shi ne ciwon ciki da amai da jiri, in abin ya yi tsanani kuma naitirayit ya hana jininsa ɗaukar oksijin har leɓɓansa su yi shuɗi, kuma jarirai sun fi kowa saurin kamuwa da wannan.